Ƙulli Goma Sha Ɗaya na Usta Sadisu

Na Allah muke, kuma wurinsa kowa ya nufa, sai dai wani ya riga wani isa.

Ranar Laraba, 25 ga Shawwal 1430, daidai da 14 ga Oktoba 2009, da hantsi, Allah ya karɓi ran Usta Sadisu Abdussalami, gwanin sana'ar ƙarfe, a cikin warsharsa, rumfar da yake gyaran jikin motoci a nan Hillat Sambo, kusa da Abu Hujar. Shekararsa hamsin da takwas. Bai yi jinya ba. Ya sha shayinsa, ya wanke hannu, ya sunkuya zai ɗauki alli, sai ya kife. Kafin la'asar mun rufe shi.

Ni ne Jibirin, wanda kuke kira Ustaz saboda shekara talatin da na yi ina koyarwa a Damazin. Uwata ƙanwar ubansa ce, don haka shi taubashina ne, abokin wasana tun muna tsere a bakin kogi. An ce in rubuta abin da za a karanta yau, ranar arba'in. Yara sun ce in yi da Larabci don kowa ya gane, na ƙi. Inna Fatsuma, mahaifiyarsa, ba ta jin Larabcin takarda, kuma a cikin rubutun nan akwai maganar da ta fi kowa haƙƙin ji. Ina roƙo a matsar da tabarmarta kusa da mai karatu.

Sadisu, da kai zan yi magana, kamar yadda muka saba, ko da yake yau ba za ka rama ba.

Ni na laƙaba maka Usta Gobe, sunan kuma ya bi ka har Sinnar. Duk wanda ya kawo maka aiki, ko ƙofar mota ce da ta lotse ko butar shayi, sai ka juya ta, ka shafa, ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa kana saurare, sannan ka ce a dawo gobe. Goben taka takan kai sati biyu. Amma ban taɓa jin an dawo maka da aiki ba. Babu gidan da ke ƙauyen nan da ba shi da tukunya ko garma ko murhu mai ɗinkin hannunka. Matan unguwa sukan tara ramukan kwanukansu su aiko maka a kwando, ka ajiye motar attajiri ka zauna kana liƙe su, mai motar yana tsaye yana cika yana batsewa. Na taɓa yi maka faɗa kan wannan, ka ce mai mota yana da wata motar, amma mai kwano da shi za ta zuba tuwon dare.

Shekarar da famfon ban ruwa na gonakin bakin kogi ya fashe ana tsakiyar albasa, kwana uku ka yi a cikin laka har gwiwa, ka fito da zazzaɓin da ya kwantar da kai wata guda. Da manoma suka zo gaishe ka, abin da ka tambaye su kawai shi ne ko wurin ɗinkin yana zufa. Haka kake. Kana da taurin kai irin na jaki, ba ka jin shawara, ba ka son a taɓa maka guduma, kuma ni ban san mutumin da ya fi ka tausayi ba.

Duk wanda ke zaune a nan ya san motar da ke cikin warsha, amma saboda baƙi bari in faɗa. Fijo ce 404, fara mai ruwan madara, wadda Kawu Abdussalami, mahaifinka, ya sayo a Wad Madani a 1969. Ita ce mota ta farko da ta kwana a ƙauyen nan. Kowace shekara, da an gama yankan dawa, Kawu yakan sa Inna a gaba ya kai ta Rufa'a wurin ƙanwarta Zainabu. Su biyu rak uwarsu ta haifa. Inna takan yi sati biyu, ta dawo da lalle a ƙafa da labarin da zai ishe mu har damina.

Kawu ya rasu a 1991, injin motar kuma bai kai ƙarshen shekarar ba, kamar da ma jiran juna suke. Ranar da aka naɗe tabarmin makoki, ina tsaye ka durƙusa gaban Inna, ka nuna motar, ka ce, “Inna, kar ki damu. Ni ka kai ki Rufa'a, cikin arabiyag ga ta Baba.”

Ta ce, “To, ina jiran ka.”

Kalma huɗu ke nan, kuma shekara goma sha takwas tana riƙe da su. Da farko ba wanda ya ji nauyin abin, domin Zainabu takan hau lori ta zo da kanta. Amma a 2002 ɓarin jikinta ya shanye, ta daina fita ko ƙofar gida. Tun daga lokacin ba su ga juna ba. Mun kawo wa Inna motoci iri-iri, har jikanta Khalid, ɗanka, ya taɓa zuwa daga Khartum da mota mai sanyi a ciki. Ta shafa kujerar, ta sa masa albarka, ta koma ɗaki. Da na matsa mata, ta ce mini, “Jibirin, in nih hau wata arabiya, na hwaɗa ma duniya ɗana ya kasa. Ba ni yin haka.” Na ce ka gaji taurin kai, ban faɗi daga wurin wa ba, amma kowa ya sani.

A 2003 ka samo inji a Sinnar, na wata mota daban, lafiyayye. Wata takwas ka yi kana sassaƙa masa mazauni har ya zauna. Ranar da ya tashi, yara da manya suka cika warsha, Ramla matarka ta yi guɗa daga bayan katanga. Sai aka zo rufe murfin inji, wanda mu nan muke kira kabbut, ya ƙi rufuwa. Sabon injin ya fi tsohon tsayi da yatsa huɗu, tukunyar da ke tace masa iska ta yi tsaye tana tokare murfin. Ka bubbuge kabbut ɗin asali don ka yi mata wuri, tsohon ƙarfe ya gaji, ya tsage. Daga nan ka ce sai dai ka ƙera sabo, mai tozo a tsakiya kamar na sa, tukunyar ta zauna a ƙarƙashin tozon, a bar masa baki inda inji zai sha iska mai sanyi.

A nan na fara shiga cikin lamarin, kuma da ban shiga ba da ya fi. Ka ce bakin tozon baya zai duba, wajen gilashi. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce wa ya taɓa ganin hanci a ƙeya? Mota gaba take tafiya, iska daga gaba take zuwa, ko ɗan aji uku ya san wannan. Na zana maka kibiyoyi a ƙasa, na kawo maka sunayen abubuwa da Larabci da Turanci, mutanen da ke shan kofi a rumfar suka goyi bayana, domin ni ne mai karatu. Ka daɗe kana duban zanen. Sau ɗaya ke nan a rayuwarka da ka bi shawarar wani, kuma shawarar tawa ce.

Cikin Fabrairu 2005 muka ɗauki hanya. Inna ta yi lalle, ta ɗaure kuka da daddawa da man shanu a ƙunshi don Zainabu, ta zauna a kujerar da ta saba. Muka faɗa bayan lorin riɗi guda uku a hanyar ƙasa, babu wurin wucewa. Bakin nan da na sa ka buɗe ta gaba ya yi ta kwasar ƙura kamar ana zuba masa da cokali. Injin ya fara tari, ya yi ƙara, ya mutu. Ko Sinja ba mu kai ba. Inna ta wuni a gindin aduwa, man shanun ya narke ya ɓata mata zane, da yamma muka dawo da ita a keken jaki, motar kuma tarakta ta ja ta. Da mata suka taru suna tambaya, cewa ta yi, “Alhamdu lillahi, mun ga hanya.” Kai kuwa ba ka taɓa tuna mini da zanen kibiyoyin nan ba, ko a cikin wasa, alhali ba abin da ba ka tsokane ni da shi. Wannan shirun naka ya fi zagi ciwo, kuma na san ba don ka ƙona ni ka yi shi ba.

Shekara biyu ka yi kana farfaɗo da injin, kana bin kasuwannin tsofaffin kaya daga Damazin har Madani. Da ya tashi, ka zo gidana da damin auduga da kwanon ƙaro, ka ce in fito in ga karatu. Ka farke garewani na mai, ka miƙar da su, ka haɗa tozon gwaji da waya. Ka tsintsinka auduga ƙanana ka liƙa da ƙaro tun daga hancin motar har gindin gilashi, motar ta koma kamar kazar da aka fara figa. Muka hau, ka taka ta a kan gaɓa, mutane na nuna mu suna dariya.

Audugar gaba duk ta kwanta baya, kamar yadda na ce. Amma ta gindin gilashi ta yi wani abin da ban taɓa gani a littafi ba. Ta karkato gaba, tana leƙa ƙasa.

Ka ce, “Duba, ya Ustaz. Iska ta zo ta bugi gilashi, ba ta da wurin zuwa, dole ta duƙa. Nan ni ka ba ta ƙohwa. Ƙura ko nauyi gare ta, sama taka wucewa.”

Na ce a ina ka koyi wannan. Ka ce tun kana saurayi kake ganin ƙaiƙayi yana taruwa a gindin gilashin motar Baba yana juyi, ba ya tashi. Kusan shekara arba'in kana riƙe da abin a kanka, ni kuma na rushe shi da zanen minti biyar.

Gane wurin abu ɗaya ne, samun awonsa wani abu ne daban. In tozon ya yi tsayi, direba ba ya ganin hanya. In ya yi ƙasa, ya danne tukunya. In bakin ya matsa kusa da gilashi sai ya yi fito kamar sarewa, in ya yi nisa sai iskar zafi ta cikin inji ta riƙa fita ta nan maimakon mai sanyi ta shiga. Ka yi ta ɗagawa da faɗin yatsa, kana saukewa da rabin yatsa, kana sake liƙa auduga, shekara biyu cur. Damina ta hana, aikin mutane ya hana, wani lokaci man da za a zuba ya hana. A tsakanin nan ka samo rufin wata matacciyar mota sa'ar Fijo a Sinnar, ƙarfe mai kauri irin na da, wanda yake karɓar guduma ba ya tsagewa. Falle ɗaya ne, babu na biyu. Ka jingine shi a bango ka ce ba za ka sa masa almakashi ba sai ranar da ka tabbata.

Ranar ta zo a watan Yunin bana. Ina cikin motar. Da gangan ka bi bayan lori har Abu Hujar, muka juyo a bayan wani. Da muka tsaya ka buɗe tukunyar, ka goga hannun farar jallabiyarka a ciki, ka miƙo mini. Fes. Ka zauna a ƙasa ka jingina da taya, ni ma na zauna kusa da kai. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan yammacin ba tun da na bar aiki.

Sai ka ɗauko igiyarka. Kai ba ka rubuta awo. Ka iya karatun allo, ka iya lissafi, amma awo a igiya kake ƙulla shi, yadda kakanmu maƙeri yake yi, shi ma yadda ya ga ubansa yana yi tun kafin su baro ƙasar Sakkwato. Farar igiya ce ta auduga wadda Inna ta murza maka. Ka bi tozon gwaji kana ɗorawa kana ƙullawa, tsawo, faɗi, tsayin gaba, na tsakiya, na baya, faɗin baki, nisansa da gilashi, da lanƙwasar gefe. Ƙulli goma sha ɗaya. Na ƙirga su da bakina, ina yi maka ba'a cewa ka yi carbin da bai cika ba. Na ce ka bari in kawo ma'auni in rubuta a takarda. Ka ce, “Takarda akuya ka cinye ta.”

A watan Agusta iskar hadari ta yaye rufin Ruqayya, maƙwabciyarka da mijinta ya rasu bara, ruwa na zuba kan hatsinta. Babu kwanon rufi a ƙauyen, hanya kuma ta yanke. Ka shiga warsha ka kwance tozon gwajin nan da ka yi shekara biyu kana daidaitawa, ka bubbuge garewanin suka miƙe, ka hau ka toshe mata rufi. Da na ji na zo da gudu ina faɗa. Ka nuna mini ƙusar da ke jikin ginshiƙi, inda igiyar take rataye, ka ce, “Mi kaka ma ihu? Komi na cikin igiya.” Ranar dai na matsa har ka yarda in zo ranar Juma'a in kwafe a takarda.

Juma'a ta farko na tafi suna. Ta biyu azumi ya shigo, na ce sai an sha ruwa. Bayan salla na tuna, na ce ai igiya ba gudu take ba. Ni da na sa maka suna Usta Gobe.

Yanzu na zo wurin da nake ta kewayewa.

Ranar Larabar nan ka sauke fallen ƙarfen, ka wanke shi, ka shimfiɗa a kan benci. Ramla ta ce ka gaya mata da safe cewa yau za ka zana awon, kafin ƙarshen yankan dawa Inna tana Rufa'a. Da aka kira ni na tarar an kwantar da kai a kan gadon igiya a cikin warsha, allin yana ƙasa. Ban san me na yi ba, ban san me na ce ba. Rana ta yi zafi, liman ya ce kada a wuce la'asar. Sodangi mai haƙan kabari ya leƙo ya ce a ba shi awo, mutanensa na jira da diga. Da kara muke auna mamaci, kowa ya sani, amma dawa ba ta isa yanka ba, babu busasshen kara ko ɗaya a kusa. Sodangi ya sake magana. Na waiga, na ga igiya a jikin ƙusa, na fizgo ta.

Na ɗora bakinta a kanka, na ja zuwa ƙafa. Ba ta kai ba. Saura kamar taƙi ɗaya ta taɓa diddigenka. Na ga ƙulle-ƙulle ne suka cinye tsawon, sai na fara kwancewa. Ka ƙulla su da ƙarfi, Sadisu, wasu sai da na sa haƙori. Na kwance su ɗaya bayan ɗaya, duka goma sha ɗaya, ina jin haushin wanda ya ƙulla su. Na sake ɗorawa, ta kai daidai, ba ragi ba ƙari. Na miƙa wa Sodangi.

A al'adarmu ta nan, abin da aka auna mamaci da shi ba ya komawa cikin gida. Da aka saka ka, aka jera itace, Sodangi ya naɗe igiyar ya ajiye a gefenka cikin kabarin, muka tura ƙasa. Da hannuna na tura.

Wallahi na san igiyar nan. Na ƙirga ƙullinta, na yi mata ba'a, na yi alkawarin kwafe ta. Amma a wannan sa'a ban ga komai ba sai abin awo. Sai ranar uku, da na shiga warsha ɗauko tabarmi, na ga fallen ƙarfe a kan benci babu ko ɗigon alli a jikinsa, na ɗaga kai na ga ƙusa babu komai. Na zauna a wurin da ka faɗi, har aka zo nema na.

Kada wani ya ce ban nemi gyara ba. Na hau rufin Ruqayya na duba garewanin, ka miƙar da su sarai, ko alamar lanƙwasa babu, domin kai ba ka rabin aiki. Na zauna da takarda na yi ta ƙoƙarin tuna nisan ƙulli da ƙulli, abin da na tuna shi ne adadinsu kawai. Na je Damazin wurin masu gyaran jikin mota, na je Sinnar. Ɗaya ya ce a huda tsohon murfi a ɗora kwano. Ɗaya ya ce yanzu ba a bugun ƙarfe, zubi ake yi da roba, kuma bai ga dalilin da baki zai duba baya ba. Na ji maganata ta 2005 a bakinsa, na tashi na fita. Na ukun, dattijo ne, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce mai wannan aikin ya san abin da yake yi, amma shi idonsa ya tafi. Khalid yaron kirki ne, sai dai bai taɓa riƙe guduma ba, ya ce mini da Larabci in bar motar ta huta. Ni ban iya tuƙi ba, ban iya ƙira ba, shekarata sittin da ɗaya. Ko da an sami mai sake liƙa auduga, shekara biyu aikin ya ci a hannunka, kai da ka san abin da kake nema.

Shekara biyun nan kuwa babu su. ’Ya’yan Zainabu sun ce ta rage cin abinci tun da ta ji rasuwarka. In Ibtisam, ’yarka, ta kara wa Inna waya a kunne, ba a gane abin da Zainabu ke faɗa sai sunan Inna. Inna kuma idonta na dama ya rufe, na hagu yana bi. Ban ga hanya ba, Sadisu. Na duba ta kowane gefe ban gani ba.

Inna, yanzu da ke nake.

Ranar bakwai kin kira ni ɗakinki, kin kama hannuna kin ce, “Jibirin, ya ce min ya gama, komi na cikin igiya. Tana wurinka?” Na ce tana wurina. Kin ce, “To, ka ba wanda za shi ƙarasa. Ina jira.” Ƙarya na yi miki, Inna. Kwana talatin da uku ina shigowa gaishe ki da ƙaryar nan a bakina, kina sa mini albarka. Na kasa faɗa miki ido da ido, shi ya sa na rubuta, na sa a karanta a gaban jama'a, don kada in sami wurin janyewa.

Igiyar da kika murza tana tare da shi a cikin kabari, kuma babu ƙulli ko ɗaya a jikinta. Ni na kwance.

Kin ce in kika hau wata mota kin faɗa wa duniya ɗanki ya kasa. To ga duniyar nan zaune, bari in faɗa mata da kaina. Sadisu bai kasa ba. Ya samo inji, ya gano inda iska ke duƙawa, ya goga farar riga a cikin tukunya ta fito fes, ni shaida ne. Ya gama aikinsa tun watan Yuni, saura yanka da bugu. Sau biyu aka tare hanyarki ta Rufa'a, sau biyun kuma ni ne, da bakina a karo na farko, da haƙorina a na biyu. In akwai wanda ya kasa, ɗan ƙanwar mijinki ne, mai karatu.

Ya Allah, ga bawanka Sadisu ɗan Abdussalami ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa kamar yadda ya rufa wa baiwar Allah Ruqayya ɗaki a cikin ruwa. Ka sanya kowane kwano da ya liƙe da kowace garma da ya ɗinke a cikin mizaninsa. Ka karɓi niyyarsa ga mahaifiyarsa a matsayin aikin da ya cika, domin kai ka san ya cika. Ka haɗa shi da mahaifinsa a Aljannar Firdausi, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ramla, wadda ta yi haƙuri da kishiyar ƙarfe shekara goma sha takwas ba ta taɓa ƙorafi a waje ba, da Khalid da Ibtisam da sauran ’yan’uwansu, da Inna Zainabu da iyalanta a Rufa'a, da dukan mutanen Hillat Sambo, waɗanda daga yau za su riƙa zubar da kwanon da ya huje. Allah ya ba mu haƙuri.

Inna, ke ce ta ƙarshe, domin ban san da wane baki zan yi miki ta'aziyya ba. Ban roƙi ki yafe mini yau ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Asabar bayan sallar asuba mota za ta tsaya a ƙofarki. Ba Fijo ba ce. Na san ki, na san amsar da kika ba Khalid, kuma ba na sa ran tawa za ta bambanta. Duk da haka zan zauna a cikinta har rana ta take, ko kin fito ko ba ki fito ba, Asabar ta gaba ma in dawo, muddin Zainabu tana numfashi.

Allah ya jiƙan Sadisu.